Kafet ɗin Senga Gourlay

Katifar ta maƙale a kwanar matakala, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Rhona tana ƙasa tana turawa da kafaɗa, mai motar kaya yana sama yana ja, jaririyarta Effie kuwa tana cikin kekenta a bakin ƙofar shiga, tana tsala ihu kamar an ɗana mata wuta.

"Baiwar Allah, lokacin da kika biya ya ƙare," in ji mai motar, ya saki katifar. "Ina da wata kwasar kaya a unguwar Lochee. Sauran sai ki lallaɓa."

Ya raɓa ta gefenta ya sauka abinsa. Rhona ta tsaya da katifa a ka, ruwan saman Dundee yana ɗiga daga gashinta zuwa cikin wuyan rigarta. Saura ƙiris ta fashe da kuka, sai ta ji murya daga sama.

"Ke, mai katifa! Miƙar da ita tsaye mana. Ba gawa ba ce da sai an ɗauke ta a kwance."

Ta leƙa. Wata tsohuwa ce 'yar firit, cikin rigar sanyi da silifas, ta dafa ƙarfen matakala. Duk numfashin da ta ja sai an ji shi yana fito.

"Kuma ki fara miƙo min yarinyar nan kafin ta tara mana unguwa."

Haka Rhona ta san Misis Gourlay, mai ƙofar da ke kallon tata.

Kusan shekara Rhona ta yi a masaukin marasa gida, tun da suka rabu da uban Effie. A can gado da murhu da labule duk na masaukin ne. Ranar da ofishin gidajen hukuma ya ba ta makulli, aka ce ta tattara kafin ƙarshen mako. Abin da ta ɗan ajiye ya tafi a hayar mota da katifar gwanjo da gadon jariri. Da ta buɗe ƙofar sabon gidan, muryarta ce ta fara dawo mata. Daɓen siminti ne tsirara daga bango zuwa bango, ga shatin gam inda aka ɓamɓare abin da ke kai. Bangon ya yi dabbare-dabbare da guntayen takarda. Tagogi a wangale, ko ƙusar rataye labule babu.

Tsohuwar ta shigo bayanta, Effie a kafaɗa tana tsotson igiyar tabaraunta.

"Mista Dargie ne a nan kafin ke," ta ce. "Mutumin kirki, sai dai kurma ne kamar turmi. Kafet ɗinsa ko tsufa bai fara ba. Ina tsaye a tagata na ga yaran ofis sun yayyage shi sun wurga a kwandon shara, har da labule. Wai doka ce. Gida in ya koma hannunsu sai sun tuɓe shi zindir kafin su ba wani." Ta tsaya ta yi tari mai tsawo. "Kina da butar shayi?"

"Tana cikin wani kwali, Misis Gourlay."

"To bar ta a kwalin. Zo ki sha nawa."

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Simintin nan yana zuƙe ɗumin hita kamar ba a kunna ba. Rhona ta riƙa roƙo kwalaye daga kantin da ke bakin titi tana shimfiɗawa a falo, tana liƙe bakinsu da salatif. Ta nemi tallafin kayan ɗaki, aka ce tana kan layi. Ofis ya ba ta takardar karɓar fenti, amma fentin bai wuce ɗakin Effie ba.

Misis Gourlay ce ta san inda ake tara ragowar fentin da mutane suka zubar, a bayan filin shara, ana sayarwa kusan kyauta. Rhona ta je da keken Effie ta lodo rabin gwangwanaye, wannan fari, wancan ruwan ƙasa, ɗaya kuma ba a ma gane sunansa. Suka juye su duka a bokiti. Tsohuwar ta sa aka jawo mata kujera tsakiyar falon, ta zauna da sandarta tana nuni.

"Kin bar wuri can sama. A'a, hagunki. Ke wai ba a koya muku hagu da dama a makaranta ba?"

"Wane irin launi ne ma wannan?" Rhona ta tambaya daga kan tebur.

Tsohuwar ta karkata kai ta ƙare wa bangon kallo. "Shayin asibiti."

Rhona ta yi dariya har fenti ya zubo mata a hannu. Ta manta rabon da ta ji dariyarta.

A cikin kwanakin ne Effie ta fara rarrafe. Wata safiya ta zarce kwalayen, hannunta ya zame, ta buga goshi a siminti. Ƙullutu ya tashi, shuɗi. Kamar haɗin baki, a makon ne nas mai zagayen duba jarirai ta zo. Ba ta yi faɗa ba, da fara'arta ma ta yi magana. Amma ta dubi goshin, ta dubi ƙasa, ta ce za ta sake leƙowa nan ba da jimawa ba. Tun daga nan hankalin Rhona ya ƙi kwanciya. A masauki ta ga yadda irin wannan leƙowar take farawa, ta kuma ga inda ta kai wasu, har aka raba su da 'ya'yansu.

Shi ya sa da wani saurayi mai man gashi ya ƙwanƙwasa da samfuran kafet a hammata, yana cewa a shimfiɗa yau a riƙa biya mako-mako, ta buɗe masa ƙofa sosai. Har ta karɓi biro, sai ga ƙarar sanda a bayansu.

"Kai, ɗan samari. Na san irinku tun ubanka yana gajeren wando. Kafet ya tsufa ya yage a zubar, ana nan ana biya. Tattara tsummokaranka."

"Madam, ai ba da ke nake magana ba."

"Ni da kai nake. Ga hanya can."

Ya tafi yana gunaguni. Rhona ta juyo, idonta ya kawo ruwa.

"To a kan me kike so yarinyar nan ta yi rarrafe, Misis Gourlay? Faɗa min. Ke kin kore shi, za ki koma ɗakinki mai ɗumi ki rufe ƙofa."

Tsohuwar ta tsaya tana kallon goshin Effie. Ta juya ta shige gidanta.

Suka ɗan yi kwanaki ba mai shiga wurin wani. Ran nan da rana Rhona ta hango ta taga tasi ta sauke tsohuwar, sanye da kwat ɗinta na zuwa coci. Ta daɗe kafin ta gama hawa matakala. Can sai aka buga ƙofa da sanda.

"Ɗauko wuƙar burodi ki biyo ni."

Falon Misis Gourlay yana da kafet ja mai duhu, da zanen furanni, mai kaurin da ƙafa ke nutsewa. Tsohuwar ta zube a kujerarta ba ta ko cire kwat ba.

"Fara daga kusurwar can. Ki sa wuƙar a ƙasa ki ɗaga, zai biyo ki."

"In ɗaga me?"

"Kafet ɗin mana. Naki ne."

"Haba, Misis Gourlay! Don na yi miki rashin kunya ran nan? Ki yi haƙuri, raina ne ya ɓaci."

"Zauna, 'yar nan." Ta jira numfashinta ya daidaita. "Daga asibiti nake. Huhun ya gama aikinsa. Ƙurar masaƙar buhunan da na yi wa aiki tun ina budurwa, ga taba a kai, ai ya ma yi ƙoƙari. Likitan yaro ne, sai kame-kame yake, na ce masa ya faɗi kawai. Ba zan ga ƙarshen sanyin nan ba."

Rhona ta toshe baki da hannu.

"Kar ki fara min wannan. In na tafi, kin san abin da zai faru. Yaran ofis za su zo da wuƙaƙensu, kafet ɗin nan ya bi na Mista Dargie. Ni kuwa da gumina na saye shi. Ba kyauta nake miki ba, sata nake so ki taya ni. Zan sace kayana kafin su zubar min."

"Ki zauna a kan siminti kina wannan tarin? Allah ya kiyaye. Ba zan iya ba."

"Ni rarrafe nake yi? Ƙafata a silifas take, daga kujera sai gado. In ba za ki ɗauka ba, gobe in kira ɗan man gashin nan in ba shi kyauta, ya zo ya sayar miki mako-mako."

Rhona ta yi dariya tana hawaye, ta durƙusa a kusurwar.

Yini guda ta yi tana janye kabad da tebur, tana nannaɗewa, tana ja ta tsallaka da shi zuwa nata falon. Da yake gidajen biyu suna kallon juna ne, komai nasu a juye yake. Yankan da aka yi wa kafet ɗin don wurin hita ya faɗo a ɗaya ɓangaren, wani wuri ya yi tudu, wani ya bar siminti a buɗe. Rhona ta ɗora gadon Effie a kan tudun. Da ta sauke yarinyar a ƙasa, Effie ta tsaya tana shafa furannin da tafin hannu, sannan ta kifa fuska ta lasa.

"Daga yau ki daina ce min Misis Gourlay," in ji tsohuwar daga bakin ƙofa. "Wanda kuka yi sata tare ai ya wuce haka. Senga."

Daga kafet sai labulen ɗakin kwana, wai ita tana son ganin gari. Daga nan sai murhun lantarki, tunda ta daina girki, ko ƙamshin mai ba ta so. Aka jingine shi a kicin ɗin Rhona ana jiran mai haɗawa. Rhona ta riƙa ɗumama miyar gwangwani a ƙaramin rishonta tana kai mata, ta zauna sai ta ga ta sha ko cokali kaɗan ne. Nas ta dawo duba Effie, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta yaba launin bango, ta ce sai kuma lokacin rigakafi.

Murdo, ɗan Senga ɗaya tilo, yana aiki a rijiyoyin mai na cikin teku. Uwarsa ta faɗa masa maganar likita a waya, amma ba ta faɗa masa sauran ba. Ranar da ya sauko, Rhona tana shanya kayan Effie a kan hita ta ji ana dukan ƙofarta kamar za a ɓalle ta.

Ƙato ne, gemunsa ya fara furfura, jakar tafiya har yanzu a kafaɗarsa. Bai dube ta ba. Ƙasa ya duba, ya bi jan kafet ɗin da ido har bango, ya ɗaga kai ya ga labulen.

"Ke ce Rhona?"

"Ni ce."

"Ba ki ji kunya ba? Mace tana mutuwa, kin kwashe ta tas kamar ungulu. Na shiga na tarar da uwata a kan siminti cikin wannan sanyi. Ko jira ta rufe ido ba za ki yi ba?"

"Ita ce ta ce..."

"Ita ce ta ce! Tsohuwar da ke shan maganin da ke juya kai? Zan kira 'yan sanda, su zo su ji abin da ta ce."

Ƙofofin ƙasa suka fara buɗewa. Effie ta tsorata ta fashe da kuka. Rhona ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Ta ajiye yarinyar a gadonta, ta je kusurwa ta durƙusa, ta cusa yatsu ƙarƙashin kafet ɗin ta fara ɗagawa.

"Sake shi."

Senga ce. Rabonta da taka bakin ƙofarta an kwana biyu, amma ga ta nan ta tsallako, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a bango, robar iskar numfashi tana reto a wuyanta inda ta fizge ta daga injin iskar da asibiti ya ba ta. Leɓɓanta sun yi shuɗi.

"Mama! Me ya fito da ke?"

"Bakinka ne ya fito da ni. Har ƙasa ana jin ka." Ta jingina da ƙyauren. Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, tana sayen kowace da numfashi. "Ka ga ƙafafun nan da kake dukan ƙofar mutane da su? Da muka tare a gidan can, ubanka ya bar albashinsa a mashaya. A kan simintin can ka yi rarrafe. Safarsa na yanke na ɗaura maka a gwiwa. Har ka tashi da ƙafarka, ba wanda ya ƙwanƙwasa min ya ce ga tsumma. Na daɗe ina jiran in zama mai ƙwanƙwasawar, kai kuma ka zo za ka kira min 'yan sanda."

"Mama, ai da kin faɗa min. Gobe-goben nan in saya miki sabo, a shimfiɗa."

"Ka saya wa kwandon shara? Kanka ɗaya kuwa?"

Ta buɗe baki za ta ƙara, tari ya sarƙe ta, gwiwoyinta suka saki. Murdo ya yar da jaka ya tare ta. Ya ɗauke ta cak kamar yarinya ya mayar da ita gida, Rhona ta bi su ta mayar mata da robar a hanci. Su biyun suka tsaya a kanta ba mai kallon wani, har launinta ya dawo.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa wa Rhona ƙofa a hankali. Murdo ne, da akwatin kayan aiki.

"Wa ya shimfiɗa wannan?" ya ce, yana nuna tudun da ke ƙarƙashin gadon Effie.

"Ni."

"Ya nuna." Ya sosa gemu. "Jiya na yi hauka. Ki yafe ni. Matsa min in gyara."

Ya yanke tudun ya cike gurbin da shi, ya ja kafet ɗin ya kwanta lif har gindin bango. Ya kira wani abokinsa mai aikin lantarki ya haɗa murhun. Abin da Rhona ta fara dafawa a kai romon kaza ne da sha'ir, yadda Senga ta yi ta kwatanta mata daga kan gado. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kuma sha wani cokalin.

An so a kai ta gidan jinya, ta ce ko kusa. Aka kawo gadon asibiti mai taya aka kafa a falo. Ma'aikatan suka ce ba su taɓa samun gidan da gadon ya gangara da sauƙi haka ba.

"Ka ji ko?" ta ce da Murdo. "Da tsari nake abuna."

Ta sa aka riƙa barin ƙofofin biyu a buɗe da rana, a tokare nata da takalmin Murdo, na Rhona da keken Effie. Ta ce tana son jin motsi. Daga gadonta tana hango tsakiyar falon Rhona, inda Effie ke kama kujera tana miƙewa, ta faɗi daɓas a kan duwawu, ta sake kamawa. In ta faɗi, Senga sai ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. Maganarta ta ragu, barcinta ya ƙaru. Maƙwabta suka riƙa hawowa da kek da miya, ita kuma ba wanda zai sauka hannu wofi: wannan agogon bango, wancan tukwane, wata ta tafi da keken ɗinki. Murdo ne da kansa yake sauke musu. Har falon ya zama daga gado sai kujerar da yake kwana a kai.

Wata safiya Rhona tana goge wa Effie baki, ta ji gidan can ya yi wani irin shiru. Injin iskar da ta saba ji yana huci ya tsaya. Ta ɗauki yarinyar ta tsallaka.

Murdo yana zaune a bakin gado, hannun uwarsa a cikin nasa. Nas mai jinyar Senga tana naɗe robar. Fuskar Senga ta saki, bakinta a ɗan buɗe kamar akwai sauran magana.

"Yanzun nan," in ji Murdo. "Ta tambaya ko an kwashe shara. Na ce ba tukuna. Ta ce malalata. Shi ke nan."

Rhona ta sunkuya ta gyara mata gashin da ya zubo a goshi. Nas ta je ta tura taga, kamar yadda ake yi a nan in an yi mutuwa, iska mai sanyi ta shigo.

Da masu ɗaukar gawa suka tafi da ita, aka zo aka gangara da gadon. Murdo ya shiga kicin ya buɗe kabad, ya buɗe na biyu, ya tsaya yana kallon cikinsu.

"Ko kofi ɗaya ba ta bari ba," ya ce, muryarsa ta karye a tsakiyar dariya.

Rhona ta koma gidanta ta haɗo shayi, ta dawo da kofuna biyu a hannu ɗaya, Effie a ɗaya kwankwason. Kujera ɗaya ce kaɗai ta rage, sai suka tsaya a bakin tagar da ke buɗe. Dusar ƙanƙara ta fara sauka siriri-siriri, tana narkewa kafin ta taɓa titi. A ƙasa wata mata tana jan yara biyu zuwa tashar bas, ƙaramin yana tafe da baki a sama yana tarar ƙanƙarar da harshe. Murdo ya ajiye kofinsa a dakalin taga, tururin ya karkata ya bi iska waje.